Ɗauka da tace bidiyo

Ɗauka da tace bidiyo su ne manyan matakai biyu da ake bi wajen samar da hoto mai motsi ta hanyar na'urar lantarki. Ɗauka ita ce naɗar hoto da sauti da kyamara ko wayar hannu. Tacewa kuwa ita ce zaɓen abin da ya dace daga cikin abin da aka naɗa, a yanke shi, a jera shi, a gyara sauti da launi har ya zama shiri guda mai ma'ana. Ana kuma kiran tacewa da haɗa bidiyo ko editin, mai yin aikin kuma ana ce masa mai tace hoto ko edita. Ana amfani da wannan fasaha wajen shirya fina-finai, labaran talabijin, tallace-tallace, darussan makaranta, wa'azi, faifan biki da gajerun bidiyon kafafen sada zumunta.

Matakan biyu sun dogara da juna. Mai tacewa ba ya aiki sai da abin da aka kawo masa, don haka muryar da iska ta cinye ko fuskar da ta nutse cikin duhu da wuya su gyaru a kan kwamfuta. Ita kuma tacewa ita ce ke ba hotuna ma'ana, domin hoto ɗaya yana iya isar da saƙo biyu mabambanta gwargwadon abin da aka sa a gabansa ko a bayansa.

## Yadda bidiyo yake aiki

Bidiyo jerin hotuna ne marasa motsi da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya da sauri, har ido da ƙwaƙwalwa su gan su a matsayin motsi. Kowane hoto guda a cikin jerin ana kiransa firam. Haske yana shiga ta gilashin kyamara ya faɗa kan sensa, wato ƙaramin faranti mai jin haske, shi kuma ya mayar da shi lambobi da ake ajiyewa a katin memori. Willard Boyle da George Smith ne suka ƙirƙiro sensar CCD a ɗakin bincike na Bell da ke Amurka a 1969, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2009. Yawancin kyamarori da wayoyin yau suna amfani da wani nau'in sensa mai suna CMOS.

Abubuwa huɗu ne ake auna bidiyo da su:

* Yawan firam a sakan guda. Fina-finan silima suna tafiya a kan firam 24 tun ƙarshen shekarun 1920 lokacin da aka fara fim mai sauti. Tsarin talabijin na PAL, wanda Najeriya da Ghana suka bi, yana da firam 25, tsarin NTSC na Amurka da Japan kuma yana da 29.97. Idan aka ɗauki abu da firam 50 ko 100 sannan aka nuna shi da 25, sai motsin ya fito a hankali.
* Yawan fiksel. Fiksel shi ne ɗigo mafi ƙanƙanta a jikin hoto. Hoton PAL na dijital yana da 720 a kwance da 576 a tsaye. Ma'aunin 1080p yana da 1,920 da 1,080, jimilla fiksel 2,073,600. Ma'aunin 4K na talabijin yana da 3,840 da 2,160, wato ninki huɗu na wancan.
* Siffar allo. Tsohuwar talabijin tana da 4:3, ta zamani da YouTube suna da 16:9, bidiyon tsaye irin na TikTok kuma yana da 9:16.
* Yawan bayanai a sakan guda. Wannan shi ke nuna nauyin fayil da ingancinsa.

Bidiyon da ba a matse ba yana da nauyi ƙwarai. Firam ɗaya na 1080p yana cin kusan megabait 6.2, wanda ke nufin minti ɗaya a kan firam 25 zai haura gigabait 9. Saboda haka ake amfani da kodek, wato tsarin lissafi da ke matse bidiyo. Maimakon ajiye kowane firam cikakke, kodek yana ajiye wasu kaɗan cikakku, sauran kuma ya riƙe abin da ya canza kawai. Mafi shahara shi ne H.264 da ya fito a 2003, sai H.265 na 2013. Idan aka matse minti ɗayan nan a kan megabit 8 a sakan, nauyinsa ba zai wuce kimanin megabait 60 ba. Sunayen da ake gani a ƙarshen fayil kamar MP4, MOV da MKV mazubai ne da ke haɗa hoto, sauti da rubutun fassara wuri guda.

## Tarihi

### Zamanin fim

Fina-finan da 'yan'uwan nan Lumière suka nuna a birnin Paris ranar 28 ga Disamba 1895 kowannensu ɗauka ɗaya ce da ba ta kai minti guda ba, babu yanka a ciki. Cikin 'yan shekaru masu shirya fim suka gane cewa ana iya yanka zaren fim da almakashi a manna shi da wani. Fim ɗin *The Great Train Robbery* na Edwin S. Porter, wanda ya fito a 1903, yana cikin na farko da suka ba da labari ta hanyar haɗa fitowa daga wurare daban-daban. A Tarayyar Sobiyet, Lev Kuleshov da Sergei Eisenstein sun mayar da haɗa hotuna fannin nazari, kuma fim ɗin Eisenstein na 1925, *Battleship Potemkin*, har yau ana koyar da shi a makarantun fim. Na'urar Moviola da aka fara amfani da ita a 1924 ta ba mai tacewa damar kallon fim yana tsayar da shi a daidai inda zai yanka.

### Zamanin kaset

Kamfanin Ampex na Amurka ya fito da na'urar naɗar bidiyo ta farko da ta karɓu a gidajen talabijin a 1956. Zarenta mai faɗin inci biyu ne. Da farko da reza ake yanka zaren, kuma da yake ba a ganin hoto a jikinsa, sai an shafa masa wani ruwa mai garin ƙarfe kafin a ga inda firam ya ƙare. Daga farkon shekarun 1960 aka koma kwafar hoto daga wata na'ura zuwa wata, fitowa bayan fitowa. Wannan hanya ana kiranta tacewa a jere. Matsalarta biyu ce: idan ana son canza abu a tsakiyar shiri sai an sake duk abin da ya biyo baya, sannan duk kwafi yana rage ingancin hoto.

Kamfanin Sony ya fito da Portapak a 1967, kyamara da na'urar naɗa da mutum ɗaya zai iya ɗauka, sai kaset ɗin U-matic a 1971 da Betamax a 1975. Kamfanin JVC ya fito da VHS a 1976, wanda daga baya ya mamaye kasuwar bidiyon gida. A farkon shekarun 1980 aka haɗa kyamara da na'urar naɗa cikin jiki guda.

### Zamanin dijital

Na'urar CMX 600 ta 1971 ita ce ta farko da ta ba da damar tsallakawa zuwa kowane sashe na bidiyo ba tare da bin zare ba, sai dai tsadarta ta sa kaɗan aka ƙera. Manhajar Avid Media Composer ta fito a 1989, Adobe Premiere a 1991, Final Cut Pro kuma a 1999. Fim ɗin *The English Patient* na 1996, wanda Walter Murch ya tace, shi ne na farko da aka tace a kwamfuta ya kuma lashe kyautar Oscar ta tacewa. Kaset ɗin DV na 1995 ya sauƙaƙa shigar da bidiyo cikin kwamfuta ba tare da asarar inganci ba. An kafa YouTube a 2005, kuma zuwan manyan wayoyin hannu ya sa kyamara da ɗakin tacewa suka koma cikin aljihu. Fim ɗin *Tangerine* na Sean Baker, wanda aka nuna a 2015, da wayar iPhone 5s aka ɗauke shi gaba ɗaya.

### A ƙasar Hausa

An fara talabijin a Najeriya a Ibadan a 1959, sannan a Kaduna a 1962. Fim ɗin *Shehu Umar* na 1976, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni, a kan zaren fim na silima aka ɗauke shi, aikin da ke buƙatar kuɗi mai yawa. Arahar kyamarar bidiyo da kaset ɗin VHS ce ta ba ƙungiyoyin wasan kwaikwayo damar shirya nasu. Ana ɗaukar *Turmin Danya* na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wanda ya fito a 1990, a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka sayar a kasuwa. Daga nan masana'antar da aka raɗa wa suna Kannywood ta bunƙasa, ta tashi daga kaset zuwa faifan CD da DVD, sannan zuwa shirye-shirye masu dogon zango a tashoshi irin su Arewa24 da kuma YouTube. A jerin sunayen ƙarshen finafinan Hausa, ɗaukar hoto da tace hoto kowanne yana da gurbinsa.

## Shiri kafin ɗauka

Aiki yana farawa ne tun kafin a kunna kyamara. Ana fara tantance saƙon, da waɗanda za su kalla, da inda za a nuna shi, domin wannan ne zai nuna ko a kwance za a ɗauka ko a tsaye. Sai a rubuta labari ko jerin tambayoyi, a kuma fitar da jerin ɗaukar da kowace fitowa ke buƙata. Manyan ayyuka sukan zana kowace ɗauka a takarda kafin ranar aiki.

Ana ziyartar wurin ɗauka, wanda 'yan fim ke kira lokeshin, a daidai lokacin da za a yi aikin, don a ga inda rana take faɗowa a kuma ji irin ƙarar da ke wurin. Janareta, injin niƙa, fanka da titin mota su ne suka fi ɓata sauti. Ana tanadar ƙarin batir da katin memori, a goge gilashin kyamara, musamman lokacin hunturu da ƙura ke yawa. Waya tana iya yin zafi ta tsayar da ɗauka idan ta daɗe a rana.

## Ɗauka

### Haske

Haske ya fi tsadar kyamara tasiri a kan kyawun hoto. Ƙa'idar farko ita ce hasken ya faɗa kan fuskar wanda ake ɗauka. Idan ya ba taga ko rana baya, kyamara za ta daidaita kanta da hasken da ke bayansa, fuskarsa ta yi duhu. Haka ma yake faruwa idan mutum mai duhun fata ya sa fararen kaya, domin farin yadi yana rinjayar ma'aunin kyamara. Maganinsa shi ne a auna hasken a kan fuska a kulle shi. Ranar tsaka tana jefa inuwa mai kaifi ƙarƙashin ido da hanci, shi ya sa aka fi son hantsi, yamma ko inuwar bishiya.

A cikin ɗaki ana yawan amfani da tsarin fitila uku. Babbar fitila tana gefe ɗaya na kyamara, ƙarama tana ɗaya gefen don ta sassauta inuwa, ta uku kuma tana bayan mutum don ta raba shi da bango. Farin kwali ko farin zani yana iya maye gurbin ta biyu ta hanyar mayar da haske. Idan aka ninka tazarar fitila da mutum sau biyu, hasken da ke isa gare shi yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

### Saitin kyamara

Abubuwa uku ne ke daidaita yawan hasken da ke cikin hoto. Na farko shi ne faɗin ƙofar gilashi, wanda ake rubutawa kamar f/2.8 ko f/8. Ƙaramar lamba tana nufin babbar ƙofa, haske mai yawa, da bango mai dishi-dishi. Na biyu shi ne tsawon lokacin da kowane firam ke karɓar haske. A al'ada ana ninka yawan firam sau biyu, don haka mai ɗauka da firam 25 yana sa 1/50 na sakan. Na uku shi ne ISO, wanda ke ƙara hasken hoto ta hanyar lantarki. Idan ya yi yawa sai hoton ya fito da ɗige-ɗige kamar yashi.

Wutar lantarki a Najeriya, Nijar, Ghana da Kamaru tana juyawa sau 50 a sakan. Wayoyi da yawa kuma a kan firam 30 suke zuwa, wanda yakan sa hoto ya riƙa ƙyaftawa ƙarƙashin wasu fitilu. Komawa firam 25 ko 50 yana magance hakan.

Haske ma yana da launi. Hasken rana yana kusan kelbin 5,600, na ƙwan fitila mai zare kuma kusan 3,200, wanda ya fi ja. Ana nuna wa kyamara farar takarda a cikin hasken da za a yi aiki don ta san ainihin fari, in ba haka ba fata za ta fito da shuɗi ko ruwan ɗorawa.

### Tsara hoto da nau'o'in ɗauka

Ɗauka daga nesa tana nuna wuri da mahallin labari. Matsakaiciyar ɗauka, daga ƙugu zuwa kai, ita aka fi yi wa mai magana. Ɗauka daga kusa tana nuna fuska ko hannu, kuma ita ke isar da abin da ke cikin zuciya. Mai ɗauka da ya san aiki yana kawo duka ukun ga kowace fitowa, tare da ƙarin hotunan cikawa, kamar hannun maƙeri yana bugun ƙarfe yayin da ake hira da shi. Da waɗannan ne mai tacewa ke rufe wuraren da ya yanke magana. Ana barin kowace ɗauka ta kai akalla sakan goma, tare da ɗan sarari kafin a fara magana da bayan an gama.

Wajen tsara hoto ana raba allo gida tara da layi biyu a tsaye da biyu a kwance, a ajiye idon mutum a kan layin sama, a bar sarari a ɓangaren da yake kallo. Kyamarar da ke daidai da ido tana nuna mutum yadda aka saba ganinsa. Wadda ke ƙasa tana ƙara masa kwarjini, wadda ke sama kuma tana ƙanƙantar da shi.

Idan mutum biyu suna fuskantar juna, ana ƙaddara wani layi da ya ratsa su, kyamara kuma ta tsaya a gefe ɗaya na layin. Wannan ita ce dokar digiri 180. Idan aka ƙetare layin, wanda yake dama zai koma hagu, mai kallo ya rikice. Akwai kuma kula da ɗorewar abubuwa, wanda 'yan fim ke kira kwantiniti, wato tabbatar da cewa hula, ɗaurin ɗankwali ko yawan shayin da ke cikin kofi ba su canza tsakanin ɗauka biyu na fitowa ɗaya ba.

Girgizar hoto tana gajiyar da ido. Ana ɗora kyamara a kan mazauni mai ƙafa uku, ko a riƙe waya da hannu biyu tare da manna gwiwar hannu a jiki. Matsowa da ƙafa ya fi jawo hoto da yatsa, domin jawowar dijital tana faɗaɗa fiksel ne kawai.

### Sauti

Masu kallo sukan jure hoto mai rauni, amma da wuya su jure maganar da ba sa ji. Makirufon da ke jikin kyamara yana ɗaukar duk ƙarar da ke kewaye. Duk lokacin da aka ninka tazara tsakanin baki da makirufo a fili, ƙarfin murya yana raguwa da kusan desibel 6, don haka matso da makirufo shi ne gyara mafi sauƙi. Ana amfani da ƙaramin makirufo da ake maƙalawa a wuyan riga, ko dogo da ake ratayawa a sanda sama da kan 'yan wasa. A waje ana sa masa rigar soso ko ta gashi saboda iska.

Ma'aunin sautin dijital yana ƙarewa a sifili. Muryar da ta wuce nan tana fashewa, kuma ba ta gyaruwa sosai, shi ya sa ake barin ƙololuwarta tsakanin −12 da −6. Idan da na'ura daban ake naɗar sauti, ana tafa hannu ko allon tafi a gaban kyamara don a sami alamar daidaita hoto da murya. Ana kuma naɗar shirun wurin na kusan minti ɗaya, wanda mai tacewa zai cike giɓi da shi.

## Tacewa

A manhajar tacewa ana jera guntayen bidiyo a kan layin lokaci, hoto a sama, sauti a ƙasa. Manhajar ba ta taɓa ainihin fayilolin da aka ɗauko. Umarnin inda za a fara da inda za a tsaya kawai take ajiyewa, don haka ana iya sake shawara a kowane lokaci. Aikin yakan bi wannan tsari:

1. Kwashe fayiloli daga kati, a yi kwafi na biyu, a raba su gida-gida da suna da kwanan wata.
2. Kallon duk abin da aka ɗauko da zaɓen mafi kyau.
3. Haɗin farko, inda ake jera fitowa bisa tsarin labari.
4. Haɗi na biyu, inda ake rage tsawo da daidaita saurin tafiyar labari.
5. Gyaran sauti, launi da rubutu bayan an tsayar da hoto.
6. Fitar da fayil na ƙarshe.

Yanka kai tsaye daga wani hoto zuwa wani shi ne aka fi amfani da shi. Narkar da hoto cikin wani yana nuna wucewar lokaci, dusashewa zuwa baƙi kuma tana nuna ƙarshen babi. Yawan kwalliyar juye-juye tsakanin hotuna yana janye hankali daga labari. Idan aka yanka a tsakiyar motsi, misali lokacin da mutum ke miƙa hannu zai buɗe ƙofa, ido ba ya lura da yankan. Idan kuwa aka cire wani yanki daga ɗauka ɗaya aka haɗa sauran, sai a ga mutum ya yi tsalle a allo. Ana kauce wa hakan da hoton cikawa, ko a sauya kusurwar kyamara da akalla digiri 30. Wata dabara ita ce a shigo da muryar fitowa ta gaba kafin hotonta, ko a bar muryar da ta gabata ta ci gaba bayan hoto ya canza. Ana kiran su yankan J da yankan L saboda siffarsu a layin lokaci.

A littafinsa *In the Blink of an Eye*, Walter Murch ya jera abubuwa shida da ake auna yanka da su, ya kuma ba motsin rai kashi 51 cikin ɗari, labari kashi 23, kari kashi 10, sauran ukun da suka shafi inda ido ke kallo da tsarin wuri kuma suka raba ragowar.

Wajen haɗa sauti, magana ce ke gaba, kiɗa kuma ana sassauta shi duk lokacin da wani ke magana. A finafinan Hausa ana naɗar waƙa a situdiyo tukuna, a kunna ta a lokeshin 'yan wasa su bi da baki, sannan mai tacewa ya daidaita leɓe da murya. Gyaran launi kashi biyu ne: daidaita hotuna su yi kama da juna, sannan a ba su yanayin da labari ke so. Rubutun fassara ba ya wuce layi biyu, kowanne kusan haruffa 40. Mai rubuta Hausa yana buƙatar zaɓen salon rubutu da ke da haruffan ɓ, ɗ da ƙ, domin wasu salon suna nuna akwati a gurbinsu.

Wajen fitarwa, MP4 mai kodek H.264 shi ne kusan kowace waya da kwamfuta ke buɗewa. Kafafe irin su WhatsApp da Facebook suna sake matse bidiyo, don haka duk turawa daga hannu zuwa hannu tana iya rage ingancinsa.

### Manhajoji

A kwamfuta, ƙwararru sun fi amfani da Adobe Premiere Pro, Avid Media Composer, Final Cut Pro da DaVinci Resolve, wadda take da nau'i na kyauta. Kdenlive, Shotcut da OpenShot kyauta ne kuma buɗaɗɗu. A waya akwai CapCut, KineMaster da InShot. Idan kwamfuta ba ta da ƙarfin ɗaukar 4K, ana yin ƙananan kwafi masu sauƙi a tace da su, sai wajen fitarwa manhajar ta koma kan na asali.

## Gaskiya, haƙƙi da doka

A wani gwaji da ake dangantawa da Lev Kuleshov, an haɗa hoton fuskar ɗan wasa guda da kwanon miya, da gawa a akwati, da kuma wata mace. Masu kallo suka ga yunwa, baƙin ciki da sha'awa a fuskar, alhali hoton fuskar bai canza ba. Wannan ƙarfi na haɗa hotuna shi ne ginshiƙin fim, shi ne kuma ake yaudara da shi. Ana iya yanke rabin jimla a juya maganar mutum, ko a ɗora sabuwar murya a kan tsohon hoto, ko a yaɗa bidiyon wata ƙasa a ce a gida ya faru. A watan Mayun 2019 an yaɗa bidiyon Nancy Pelosi, shugabar majalisar wakilan Amurka a lokacin, wanda aka rage wa sauri don ta yi kama da mai maye. Fasahar ƙirƙirarriyar basira kuma ta kawo bidiyon bogi da ke ɗora fuska ko muryar mutum a kan abin da bai yi ba. Saboda haka gidajen jarida suke da ƙa'idar cewa ana iya taƙaita magana amma ba a sauya ma'anarta.

Bidiyon da ba a taɓa ba yana iya zama hujja. Wanda Darnella Frazier ta ɗauka da waya a birnin Minneapolis ranar 25 ga Mayu 2020, lokacin da aka kashe George Floyd, an gabatar da shi a kotu, kuma ya sa aka ba ta yabo na musamman na Pulitzer a 2021. Darajar irin wannan bidiyo tana cikin ajiye fayil na asali da bayanan kwanan wata da ke tare da shi.

Ana neman izinin mutum kafin a ɗauke shi ko a wallafa hotonsa, yara kuma sai da yardar iyaye. Kiɗa da hotunan wasu suna ƙarƙashin haƙƙin mallaka, kuma YouTube yana da tsarin Content ID da ke gano su. A Najeriya akwai Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 da Dokar Kare Bayanai ta 2023. Kalmar tacewa tana da wata ma'ana ta daban a harkar fim, wato binciken da hukuma ke yi kafin a saki fim. Wannan aikin Hukumar Tace Fina-finai da Bidiyo ta Ƙasa ne, wadda aka kafa a 1993, da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001.

## Ajiya

Katin memori, waya da faifan kwamfuta duk suna iya lalacewa ko ɓacewa. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a riƙe kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban ko a ma'ajiyar intanet. Ba a goge kati sai an buɗe kwafin an tabbatar yana aiki. Kaset ɗin VHS yana lalacewa da zafi, laima da ƙura, kuma kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar kunna shi, ya daina a 2016. Don haka tsofaffin finafinan Hausa, shirye-shiryen talabijin da faifan bukukuwa da suka rage a kaset suna buƙatar a mayar da su dijital tun ana samun na'urar da za ta kunna su.